Abin da Ya Kwanta a Ƙasan Ƙwarya

Ladidi ta shigo a guje daga makaranta,
ta buɗe tafin hannu: haƙori ne ɗan mitsitsi,
kamar ƙwayar shinkafa mai ɗigon jini a gindi.
Ta ce, "Baba, ashe dutse ne?
Ni yaushe na haɗiyi dutse?"

Ban amsa ba tukuna. Na dubi Inna Tasalla
da ta ƙarar da ƙuruciya a bakin Dilimi,
ƙafafu cikin ruwan sanyin Jos tun da asuba,
ƙwarya a hannu, tana juyawa, tana juyawa,
yashi ya tafi, laka ta bi shi,
baƙar kuza ta kwanta a ƙasa,
nauyinta kaɗai ya hana ta bin ruwa.

Na ce, zauna nan.
Ran da aka miƙo mini ke a Gangare
maɗigarki na harbawa kamar maƙogwaron kwaɗo,
ƙashinki duk laushi, rabi guringuntsi,
irin wanda kike tsamowa a miya ki gurgura.
Amma akwai magina da ido ba ya gani.
Su suka ja zare, suka saƙa kamar asabari,
suka bar 'yan kafofi tsakanin zare da zare.
Jini ya zo wucewa, shi ma ai kogi ne,
ɗauke da wanda likita ke kira kalsiyam
da abokin tafiyarsa fosfet,
waɗanda ba sa zama sai sun kama hannun juna.
Suka sauka a kafofin nan, ƙwaya bisa ƙwaya,
ba guduma, ba ƙara, kina ta barcinki.

Daga ina suka zo? Daga nonon uwarki.
Daga kindirmon da nake sayowa a Farin Gada,
da zogalen da kike turo wa baki,
da busasshen kifin da muke dakawa har ƙayarsa.
Hantsin da kike sha a kan dutse, ke da ƙadangaru,
shi ke sa hanji ya buɗe musu ƙofa.

Ƙashi gari ne da ba a gama gininsa.
Mahaƙa na ɗiba ta nan, magina na cikewa ta can.
Shi ya sa hannun Tanimu, da ya faɗo daga kan katanga,
bayan mako shida hoton asibiti ya nuna
wani farin gajimare ya rungume karayar.

Haƙori kuwa, labarinsa daban.
Farar rigar nan tasa ta fi komai na jikinki tauri,
sai dai masu ɗinka ta sun tattara sun tafi
tun ran da ya huda dasashi.
Yawu na ɗan yi mata faci, iyakar ƙoƙarinsa.
In alewa ta haƙa rami ya yi zurfi,
to, kin ga kududdufan Bukuru:
masu haƙa sun daɗe da tafiya,
har yau ba wanda ya cike kansa.

Inna na jin mu daga kan tabarma.
Bayanta ya ranƙwafa, ta rage tsawo,
yanzu mahaƙan jikinta sun fi magina sauri.
Ta ce, "Kawo in gani."
Ta jefa shi cikin ƙwaryar shan ruwanta,
hannu ya tuna aikin da ta manta,
ta juya, ta juya, ta karkata baki,
ruwa ya zube, haƙori ya tsaya.

Ta ce, "Wannan ya kwanta. A adana shi."
Ta yi dariya, dasashi zalla.
Ladidi ta mayar mata da giɓi guda,
harshenta na taɓa wurin,
inda wani sabo ya fara leƙowa.